Zangarniyar Azurfa

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku, kuma ba za ta tafi ba sai kun yi mata hukunci. Wanda ya san ba ya son gardama ya tashi tun yanzu, don a ƙarshe kowa sai ya faɗi nasa.

A wani birni can arewa, inda fatake ke sauke gishiri su ɗauki hatsi, akwai wata unguwa da ake kira Unguwar Maƙera. Gefe guda maƙeran baƙi ne, masu garma da lauje da gatari. Ɗaya gefen kuwa maƙeran fari ne, masu aikin azurfa, su zobe da munduwa da 'yan kunne da abin wuya. A da, in ka bi ta layin maƙeran fari da hantsi, ba ka jin maganar abokin tafiyarka saboda ƙarar guduma. Sannu a hankali kayan ado na kanti suka cika kasuwa, masu ƙyalli yau su yi baƙi gobe, ga su da araha. Samari suka riƙa sulalewa, wannan ya kama tuƙin babur, wancan ya tafi kudu neman abin yi. Maƙera goma sha biyu suka koma bakwai.

Akwai wata attajira a garin, Hajiya Yalwa mai atamfa, wadda mahaifinta maƙerin fari ne. Abin ya dame ta. Sai ta gina ɗan shago a bakin kasuwa, ta sa masa uwar maƙera sabuwa da zugazugi da guduma da awartaki da ma'auni, ta kulle, ta ɗauki mabuɗin ta tafi wurin Sarkin Maƙera. Ta ce tana so a yi gasa tsakanin masu koyon sana'a, ban da iyayen gidansu. Kowace maƙera ta fito da abu guda wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Wanda ya ci, shagon nasa ne, kuma za a sassaƙa masa hatimi da sunansa, ya riƙa bugawa a bayan duk abin da ya ƙera.

Ku san girman wannan hatimi. A al'adar unguwar, mai koyo ba shi da suna. Ko shekara ashirin ya yi, abin da ya ƙera da hatimin ubangidansa yake fita. Ranar da aka ba mutum hatiminsa, ranar ce aka yaye shi ya zama maƙeri.

Sarkin Maƙera ya tara dattawa aka yi sharuɗɗa. Kwana talatin za a yi. Abu guda, suna guda. Don kada hannun gwani ya shiga, aka sa iyayen gida duka bakwai suka rantse cewa ba za su taka maƙerarsu ba, ba kuma za su amsa tambayar yaransu a kan aiki ba, sai an gama. Haka tsofaffin nan suka koma zauren Sarkin Maƙera suna dara daga safe har la'asar, suna yi wa juna gori, hannuwansu na ƙaiƙayi.

A cikin maƙera bakwai ɗin nan akwai ta Baba Cindo, kuma mutum uku ke koyo a wurinsa.

Na farko Korau. Shi ne babba, shekararsa goma sha ɗaya a maƙerar, yana da mata da 'ya'ya uku a ɗaki guda na gidan wansa. Aikinsa mai tsabta ne, ba gaggawa, sai dai bai taɓa fito da wani abu sabo ba. Abin da aka san shi da shi shi ne shara. Kullum in an tashi aiki, sai ya ɗauki ɗan tsintsiya ya share ƙasan maƙera tas, ya zuba ƙurar a buhu ya tafi da ita gida. Al'ada ce tsohuwa cewa sharar maƙera ta mai koyo ce, amma an daɗe da daina kula ta. Yaran unguwa har waƙa suke yi masa, Korau mai shara.

Na biyu Sanda. Shi daga ƙauye ya zo, ɗan maƙeran baƙi ne kaka da kakanni. Ya bar maƙerar ubansa ya ce shi azurfa yake so, uban ya ce in ya fita kada ya dawo sai ya zo da abin nunawa. Shekara shida ke nan bai taka gida ba. Babu wanda ya kai shi sanin wuta. Da ya dubi launin harshenta ya san ko ƙarfe ya narke. Mutane kuwa sun ɗauka, tunda ɗan maƙeran baƙi ne, ya sha maganin wuta tun yana goye. Korau kan tsokane shi ya ce, "Ɗan baƙi, miƙo mini garwashin nan da hannu, awartaki ya yi nisa." Sanda sai ya yi dariya kawai.

Ta uku Barira. Kakarta mai zanen ƙwarya ce, a gindinta ta girma. Da ta zo neman koyo unguwa ta yi ta surutu, wai mace da maƙera. Baba Cindo ya karɓe ta, amma shekara huɗu aikinta bai wuce gogewa da wanke abin da wasu suka ƙera ba. Ba ta da yawan magana. Sanda kan ce mata, "Ƙanwata, goge a hankali kada ki cinye mana ribar." Ita kuma ta ce in ya iya zubi mai kyau da ba ta sha wahalar gugar ba.

Ranar da Baba Cindo zai fita, ya auna musu azurfa, tsofaffin mundaye da karyayyun zobba, daidai abin da zai yi abu guda mai nauyi. Korau ya tambaye shi sunan wa za a sa. Baba ya ce su yi aikin tukuna, aiki shi ke faɗin mai shi. Ya rataya mabuɗi a ƙusa ya tafi.

Ga yadda suke zubi, don ku gane abin da zai biyo baya. Da kakin zuma ake fara siffanta abin. Sai a lulluɓe shi da yumɓu da aka kwaɓa da kashin jaki da garin gawayi, a bar ƙaramar kafa, a shanya. Sai a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a ciki. Sai a zuba azurfa a ɗan kasko, a kife gidan yumɓun a kansa, a liƙe su wuri guda, a sa a wuta. In azurfa ta narke, a ɗaga da awartaki a juya, ta gangara ta cika gurbin. In ta huce a fasa yumɓun. Kakin ya tafi, yumɓun ya tafi. In zubi ya lalace, babu abin da za a koma a ɗauka.

Kwana goma suka wuce ba su da abin kirki. Korau ya siffanta munduwa, suka duba, irin ta Baba ce sak. Sanda ya yi abin wuya, ya fito da kauri kamar ruwan garma. Labari kuma na zuwa cewa sauran maƙeran sun yi nisa. A rana ta goma sha ɗaya Barira ta shigo da ƙwarya a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta ajiye a kan uwar maƙera, ta buɗe, ta koma gefe.

Munduwa ce ta kaki, amma zangarniyar gero ce aka lanƙwasa ta zagaye hannu. Kowace ƙwaya daban take, an mulmula ta an dasa a mazauninta, manya a gindi, ƙanana a kai, har da 'yan gurabun da tsuntsu ya ci. Can wajen ƙarshe ga ɗan tsuntsun nan jan-baki ya sauka, ya karkata kai, ƙwaya ɗaya a bakinsa, kamar yana jin tahowar mai gona.

Korau ya miƙa hannu zai taɓa, ya janye. Sanda ya tsuguna yana bin ƙwayoyin da ido. Shekara huɗu suna zaune da yarinyar nan suna miƙa mata abin gogewa. Sanda ya ɗago kai ya ce, "Wa ya yi miki?"

Ta ce ita ta yi. Shekara biyu tana yi, ƙwaya biyu yau, uku gobe, bayan ta gama aikin gida. A gindin randa take ɓoye ta don kada zafi ya narkar da ita. Ƙwayoyin sun haura dubu. Ta yi niyyar ajiye ta har ranar da za ta sami hatimin kanta, ko da ranar ba za ta zo ba. Korau ya tuna mata cewa in aka sa a wuta shi ke nan, ko zubi ya yi ko bai yi ba, kakin ba ya dawowa, kuma ba a ce sunanta za a sa ba. Ta ce ta sani. Da hannunta ta kwaɓa yumɓun, ta lulluɓe aikin shekara biyu, ta shanya. Ranar da aka gasa, tana tsaye tana kallo kakin ya tsiyaye cikin toka.

Saura kwana tara suka ce bari su narkar da azurfar Baba su mai da ita sanda guda, don a ga tsabtarta kafin zubi. Kaskon da suka saba aiki da shi ya tsage. Akwai wani a kan katanga, an ɗaure shi da tsumma. Baba Cindo irin mutanen da ne, ba ya koyarwa da baki. Kullum shi ke ɗauko kasko ya miƙa, bai taɓa cewa ga dalilin da ya sa wancan yake zaune shi kaɗai a sama ba. Barira ce ta ɗauko shi. Korau ne ya zuba azurfar bai leƙa ciki ba. Sanda ne ya zuga, ya ji wani wari da bai saba ji ba, ya ce a ransa tsumman ne.

Da sandar ta huce, ta fito da wani duhu-duhu. Korau ya ɗora ta a uwar maƙera ya sauke mata guduma sau ɗaya. Ta tarwatse kamar ƙuli-ƙuli.

Su uku suka tsaya suna kallon gutsattsarin a ƙasa. A kaskon nan ne Baba ke narka wa masunta dalma ta bakin taru. Ɗigon dalma kuwa in ya shiga azurfa, ya kashe ta. Baba ya san yadda ake raba su, amma aikin kwanaki ne, kuma ya rantse ba zai amsa ba. Ga gidan yumɓu a shanye, da gurbin zangarniya a cikinsa, babu abin da za a zuba. Barira ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Sanda ya fita ya shiga, ya fita ya shiga. Korau ya sunkuya. Ya ɗauki tsintsiyarsa ya share gutsattsarin, ya ware su gefe, ya tafi gida tun azahar ba ta yi ba.

Washegari ya zo da wata tsohuwar jakar fata a rataye a wuya, cikin riga. Ya kwance ta a kan faifai. 'Yan dunƙule-dunƙule ne farare, wasu kamar ƙwayar wake, wasu kamar gujiya, sun kai ɗari da wani abu.

Ashe sharar nan da ake yi masa dariya, duk ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zauna a bayan ɗaki da ƙwarya da ruwa, shi da matarsa, su yi ta rairaya. Ƙasa ta tafi, toka ta tafi, ƙurar azurfar da magagari ya ci ta kwanta a gindin ƙwarya, wani lokaci ba ta fi abin da zai rufe farce ba. Duk wata sai ya narkar da abin da ya taru ya zama ɗan dunƙule guda. Shekara goma sha ɗaya. Da ita ya yi niyyar sayen uwar maƙera da zugazugi ya fitar da iyalinsa daga ɗakin wansa, kuma a lissafinsa saura shekara biyu ta isa.

Sanda ya ɗora a ma'auni. Ta rinjayi abin da Baba ya bar musu da ɗan kaɗan. Ya dubi Korau ya ce, "Yaya, wannan duk daga ƙasan nan da muke takawa?"

Korau ya ce daga nan. Barira ta ce masa abin da ya shiga gasa ba ya dawowa, don an riga an faɗa cewa Hajiya za ta ajiye duk abubuwan a nuna wa baƙi. Ya ce ya ji lokacin da aka faɗa. Ta tambaye shi ko matarsa ta sani. Ya ce ita ta ɗauko jakar daga ƙarƙashin gado, amma tun jiya ba ta yi masa magana ba.

Saura kwana biyar aka yi zubi. Sun sayo sabon kasko, sun wanke, kowa ya leƙa cikinsa sau biyu. Aka zuba azurfar Korau, aka kife gidan yumɓun Barira a kai, aka liƙe wuyan, aka shanya. Da hantsi Sanda ya haɗa wuta. Korau na zuga, Sanda na kallon harshen wuta, Barira na tsaye da yashin da za a kafa abin a ciki in an juya. Da wutar ta canza launi Sanda ya ce ya isa. Ya sa awartaki ya ɗago dunƙulen yumɓun, ja wur kamar rana za ta faɗi, ya juya.

A daidai nan ƙusar awartakin ta zame. Dunƙulen ya karkata ya bugi bakin murhu, wuyan ya tsage, sai ga azurfa fara fat tana leƙowa ta tsagar. Ƙiftawar ido biyu, da ta tsiyaye cikin gawayi.

Sanda ya saki awartakin. Ya kama gefen walkinsa na fata, ya rungumi dunƙulen da hannu biyu, ya miƙar da shi, ya matse tsagar. Ya tsaya haka.

To, a nan ne abin da har yau ba sa son tunawa ya faru. Korau da Barira ba su motsa ba. Ba mugunta ba ce. Sun tashi suna jin cewa wuta ba ta cin ɗan maƙeran baƙi, sun ga ana wasa da ƙarfe ja wur daga wuta ranar salla, sai suka ɗauka abin gado ne ya motsa. Korau har ya fara murmushi. Sanda bai yi ƙara ba, ya dai cije leɓe yana kallon rufin ɗaki. Walkin ya ƙone ya huje. Sai da ƙauri ya cika maƙerar, irin wanda ba na fatar akuya ba, sannan Barira ta yar da yashin ta yi kansa. Ya ce kada ta taɓa shi, azurfar ba ta kama ba tukuna. Ya ƙara riƙewa gwargwadon a karanta Fatiha sau uku, ya durƙusa ya kafa dunƙulen a yashi a hankali, sannan ya faɗi.

Da suka ɗago hannuwansa, Korau ya juya baya ya yi amai. A hanyar asibiti yana ta maimaita magana guda, ina maganin, ina maganin gidanku. Sanda ya ce da ƙyar, "Wane magani, Yaya? Ko akwai shi, tsohon bai ba ni ba. Ranar da na ce azurfa nake so ya rufe bakinsa."

Likita ya ce hagun za ta warke. A hannun dama kuwa ƙunar ta kai jijiyar yatsu uku, ko za su sake lanƙwasa ko ba za su sake ba, Allah ne masani.

Korau da Barira suka koma suka fasa yumɓun. Ba ƙwaya ɗaya da ta ɓata. Har ƙwayar da ke bakin tsuntsun ta fito. Suka yanke bakin zubi, suka dafa ta a ruwan tsamiya, suka goge, babu mai kallon fuskar wani.

Ranar gasa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar sabon shagon. Gari ya taru. Aka jera abubuwa bakwai a kan baƙin ƙyalle, kowanne a rufe. Aka buɗe shida, kuma ba laifi, akwai aikin kirki a cikinsu, aka yaba. Da aka ɗage ƙyallen na bakwai, surutu ya ɗauke tun daga gaba har baya. Sarkin Maƙera ya ɗauka ya juya ta, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya goga ta a dutsen gwaji, ya sake gogawa, ya ce shi dai rabonsa da azurfa mai wannan tsabta tun yana saurayi. Wata tsohuwa da ke kusa ta kaɗa hannu ta ce "Shit!" tana korar tsuntsun, sannan ta ankara, aka yi dariya kaɗan.

Wani dattijo ya ce a binciki Cindo, wannan ba hannun yaro ba ne. Baba Cindo ya matso, ya karɓi munduwar, ya daɗe yana kallo. Ya ce ba sai an sake rantsar da shi ba, shi bai iya wannan ba, kuma ubansa ma bai iya ba.

Babu gardama, maƙerar Baba Cindo ta ci. Hajiya Yalwa ta fito da mabuɗi da ɗan ƙarfen hatimi wanda ba a rubuta komai a kansa ba, ga mai sassaƙa zaune da kayansa. Ta ce wanda ya ƙera ya fito. Sai mutum uku suka fito, ɗaya da hannuwa a naɗe da bandeji har gwiwar hannu.

Sarkin Maƙera ya sa suka ba da labari daga farko, ba su ɓoye komai ba, har batun kaskon dalma da tsayuwar da biyu suka yi suna kallo. Ana faɗi jama'a na salati. Baba Cindo ya zauna a ƙasa a gaban mutane, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Aka ce shi ne ubangidansu, ya zaɓa. Ya ce, "Shekara huɗu ina miƙa wa wannan tsumman guga. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaga ƙafa wannan ya share ƙarƙashina. Wannan kuma ni ma na ɗauka wuta ba ta cin sa. Wanda bai san yaransa ba, da wane baki zai zaɓa?"

Wani ya ce a ba su su uku mana. Sarkin Maƙera ya ce a kan suna guda aka rantse, kuma a maƙera shida da suka faɗi akwai waɗanda aka hana shiga saboda wannan sharaɗi, in aka karya shi yanzu an zalunce su. Ban da haka, tun kakanni ba a taɓa buga suna biyu a bayan azurfa ba, don in aiki ya yi aibi a san ƙofar da za a buga. Hajiya ta ce shago guda ta gina, ba ta da ikon na biyu a bana, kuma ba za ta yi alkawarin abin da ba ta riƙe ba.

Aka tambayi su ukun ko akwai mai janyewa. An zaci za su yi ta turawa juna, irin na kunya. Babu wanda ya janye.

Korau ya ce ba zai yi ƙarya a gaban manya ba, yana so. Shekarunsa sun ja, ba shi da wata goma sha ɗaya da zai sake sharewa, kuma bai san da wace fuska zai shiga ɗaki yau ba in ya koma hannu wofi.

Barira ta ce su maza ne, ko ba yau ba wata ƙofa za ta buɗe musu. Ita kuwa in ta bar wurin nan ba suna, gobe za a ce aikin maƙerar Cindo ne, jibi a manta da ita, ta koma guga.

Sanda ya ce bai san ko hannun zai sake riƙe guduma ba. Amma wuta da ido ake saninta, kuma idonsa na nan. Ya ce an ce kada ya koma gida sai da abin nunawa, to ga abin da zai nuna yanzu, ya ɗaga bandejin.

Nan fa kasuwa ta rabu uku.

Masu goyon Barira suka ce gasar ta sabon abu ce, ba ta nauyin azurfa ba, ba ta jarumta ba. Abin da ya sa gari ya yi shiru zangarniya ce da tsuntsu, kuma daga kanta suka fito. Da azurfar Korau da hannun Sanda aka zuba a munduwar da Korau ya siffanta, da na ƙarshe za su zo. Aka amsa musu cewa kaki ba azurfa ba ne. Da babu sauran biyun, abin da za ta kawo gasa shi ne gurbi a cikin yumɓu, kuma ita ce ta ɗauko kaskon da ya jawo masifar.

Masu goyon Korau suka ce shi ne babba, kuma sana'a haƙuri ce. Barira ta ba da shekara biyu, shi ya ba da goma sha ɗaya, da abincin 'ya'yansa a ciki. Tunaninta yana nan a kanta, za ta iya sake wata zangarniyar, shi kuwa jakarsa ta zama fanko. Aka amsa musu cewa azurfa ko a wurin wa aka samo ta azurfa ce, mai kawo gari ba shi ne mai tuwo ba. Kuma shi ne babban da ya zuba bai leƙa ba, shi ne ya tsaya yana murmushi ɗan'uwansa na ƙonewa.

Masu goyon Sanda suka ce kaki ana sake mulmulawa, azurfa ana sake tarawa, yatsa ba ya tsirowa. A ƙiftawar idon nan aikin Barira da dukiyar Korau duk sun riga sun tafi, shi ya dawo da su daga bakin wuta, su kuwa suna tsaye. Aka amsa musu cewa an gina shagon ne don guduma ta yi ƙara a cikinsa, ba don jinya ba. Kuma awartakin a hannunsa ya zame, shi ne mai wuta, shi ya kamata ya duba ƙusar, shi ne kuma ya ji warin dalma ya yi shiru.

Har rana ta karkata ba a daidaita ba. Mai sassaƙa ya wasa kayansa ya gaji ya ajiye. Hajiya Yalwa na tsaye da mabuɗi a hannu guda, hatimi marar suna a ɗayan, munduwar kuma na kan baƙin ƙyalle, tsuntsun na kallon kowa da ƙwayarsa a baki.

To, ga ta nan na sauke muku ita. Mabuɗi ɗaya ne, hatimi ɗaya. Da ku aka miƙa wa ƙarfen nan, sunan wa za ku sa a sassaƙa: Barira da ta ba da tunaninta, ko Korau da ya ba da shekarunsa, ko Sanda da ya ba da hannunsa?